Ku Tambayi Gwaggo: Harara, Tsaki da Shirun Budurwa

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karo kusan duk hanya ɗaya suka bi: wani ya ga wani ya yi wani abu da ido, ko da baki, ko ya yi shiru, yana son in fassara masa. Na zaɓi shida. Waɗanda suka aiko da tambaya a kan rabon gado su yi haƙuri, na miƙa wa malamin da ke da wancan shafi.

Gwaggo, ni ɗaliba ce a kwalejin horar da malamai. Malaminmu ya ce kashi 93 cikin 100 na saƙon da mutum ke isarwa ba ta kalmomi yake fita ba. Ya kuma ba mu aikin gida, mu kawo ire-iren wannan sadarwa da amfaninsu. Lissafin nan gaskiya ne? Kuma ta ina zan fara? — Ɗaliba, Zariya

'Yata, wannan kashi 93 ya girme ki nesa ba kusa ba, kuma ya daɗe yana yawo a bakin malamai ba tare da an tambayi asalinsa ba. Wani masani ne mai suna Albert Mehrabian, na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya yi gwaje-gwaje biyu tare da abokan aikinsa a 1967. An naɗi murya ana faɗin kalma ɗaya tak, wani zubin da muryar so, wani da muryar ƙi, wani tsaka-tsaki. A ɗaya gwajin aka haɗa da hotunan fuska. Sai aka ce wa masu saurare su faɗi yadda mai maganar ke ji game da wanda ake yi wa ita. Daga nan aka fitar da kashi 7 na kalma, 38 na murya, 55 na fuska. Ki haɗa biyun ƙarshe, ga 93 ɗinki. Shi mai lissafin da kansa ya yi gargaɗi cewa bai shafi kowace magana ba, sai inda mutum ke bayyana so ko ƙi.

Idan mai sayar da magani ya ce miki ƙwaya biyu da safe, ɗaya da dare, babu irin kallon da za ki yi wa fuskarsa ki ciro wannan adadi. Kalmar ce ta ɗauki kayan duka. Amma idan ƙawarki ta ce miki "ba komai" tana ɗaure fuska, ta kau da kai, kin san akwai komai, har da ƙari. A irin wannan gurbi Mehrabian ya yi gaskiya: in baki da fuska suka saɓa, fuska ake gaskatawa. Ki rubuta hakan a takardarki cikin ladabi. Kada ki ɗaga hannu a tsakiyar aji ki ce malam ya yi kuskure, maki kike nema.

Batun ire-ire kuwa, tun kafin Turawa su waiwayi fannin, Al-Jahiz, marubucin Basra da ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya lissafa hanyoyi biyar da ma'ana ke bayyana a littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin: lafazi, da nuni, da ƙidaya da yatsu, da rubutu, da halin da abu yake ciki. Ki fara da shi, malaminki zai san kin yi bincike.

Sauran kuma ba sai kin haddace jerin sunayen Turanci ba. Ki kalli saurayi ya je gaida surukinsa. Ba zai zo da tsakar rana lokacin ƙailula ba, sai bayan La'asar, kuma in an bar shi a zaure ya jira, jiran ma gaisuwa ce. Ga lokaci ke nan. Ya sa babbar riga da hula, ya shafa turare, ga sutura da ƙamshi. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna can gefen tabarma, bai hau ba, ga tazara. Ya sassauta murya. Ya kafa ido a ƙasa. Bai miƙa hannu ba sai da dattijon ya miƙo, sannan ya karɓa da hannu biyu, ya mayar da nasa ƙirji, ga taɓawa. Kalmomin da ya furta duka ba su wuce "ina wuni, ina gajiya, ya ya iyali" ba, waɗanda ɗan acaɓa ma zai iya ce wa dattijon a kan hanya. Abin da ya sa aka ce yaron nan ɗan mutunci ne duk yana wajen kalmomin.

Tazarar nan ta fi komai jan hankalina. Edward Hall, Ba'amurke, ya auna ta a littafin da ya fitar a 1966. Ya ce daga jiki zuwa santimita 45 na makusanta ne, zuwa mita ɗaya da 'yan kai na abokai, zuwa wajen mita uku da rabi na hulɗar aiki, abin da ya wuce haka na mai jawabi ga taro. A jikin Amurkawa ya yi awonsa, kuma ya faɗi haka. Mu a nan tazararmu har da sama da ƙasa: wa ke kan kujera, wa ke kan tabarma, wa ke kan ƙasa tsura. Je ki fada ki gani. Sarki na bisa karaga, amawali ya rufe masa baki, mai gaisuwa ya faɗi can nesa ya yi jinjina, dogarai ne ke amsa masa da "Sarki ya gaishe ka." Ƙarancin maganar sarki da ƙarancin motsinsa su ne ke sanar da kowa matsayinsa.

Amfaninsu kuma, masana biyu, Paul Ekman da Wallace Friesen, sun kasa motsin jiki gida biyar a 1969, kuma kowane gida muna da shi a tsakar gidanmu. Akwai wanda ke tsayawa a madadin kalma, kamar yaro ya maƙe kafaɗa, ko a yi wa mutum daƙuwa, ko a zunɗe shi da baki. Akwai mai raka magana, kamar mai ba da labarin kifi yana ware hannu. Akwai mai fallasa zuciya: tagumi, riƙe baki, cizon yatsa. Akwai wanda mutum ke yi don ya lallashi kansa bai ma sani ba, irin budurwa tana murza bakin mayafi, ko yaro yana zanen ƙasa da yatsan ƙafa ana yi masa faɗa. Sai mai tsara zance, wanda shi aka fi mantawa. Gyaran muryar maigida a ƙofar gida sanarwa ce ga matan da ke ciki su kimtsa. Mai masauki ya ce "to, madalla" ya dafa gwiwa, baƙo mai hankali ya san hira ta ƙare. Rakiya ma awo ce: wani a bakin ɗaki ake sallamarsa, wani a zaure, wani sai an kai shi bakin titi an tsaya har motarsa ta ɓace. Ki sa wannan na rakiya, ban taɓa ganinsa a littafin aji ba.

Hajiya, ina da shago a Kantin Kwari. Turamen atamfa shida sun ɓace. Yara uku nake da su, amma da na tambayi ƙaraminsu sai ya sunkuyar da kai, ya ƙi haɗa ido da ni, yana sosa ƙeya, muryarsa na rawa. Na ga bidiyo a TikTok an ce waɗannan su ne alamomin maƙaryaci. Ina shirin mayar da shi ƙauye wurin iyayensa. — Ɗan kasuwa, Kano

Alhaji, don Allah ka dakata da kuɗin motar nan.

Ka tuna yadda aka rene ka. Yaron da babba ke yi wa magana ya tsare shi da ido, me muke ce masa? Mai tsaurin ido, fitsararre, wanda bai sha tarbiyya ba. Tun yana rarrafe ake koya masa ya sunkuya in manya na magana. Yanzu ya yi abin da iyayensa suka hore shi a kai, kai kuma kana so ka hukunta shi da ma'aunin wani mai bidiyo da ya tashi a inda ake ce wa yaro ya dubi idon babansa in yana magana. Da a ce ya zuba maka ido ƙur yana ba ka amsa, da wasiƙar da za ka aiko mini ita ce yaronka ya raina ka.

Kuma ko a can ƙasashen, zancen bai tsaya da ƙafarsa ba. An taɓa tambayar mutane a ƙasashe 58 yadda ake gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce yana kau da ido. Duniya ta yarda da haka. Amma da Bella DePaulo da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan alamomin ƙarya a 2003, sai suka tarar kau da ido kusan ba shi da wata alaƙa da ita. A 2006 kuma ita da Charles Bond suka haɗa bincike sama da 200, suka ga mutane na dacewa wajen rarrabe gaskiya da ƙarya sau 54 ne cikin 100. Mai canka kawai, ido rufe, zai dace sau 50. Waɗanda aikinsu ke nan ma ba su yi wa sauran mutane wata tazara ba. Gogaggen ɓarawo ya san ana duban ido, saboda haka shi zai fi kowa tsare ka da nasa, har ya rantse maka da abin da zai kashe shi.

Rawar murya da sosa ƙeya alamar tsoro ce, wannan gaskiya ne. Sai dai tsoro bai zo da takardar da ke bayyana dalilinsa ba. Yaro ɗan ƙauye, mafi ƙanƙanta a shago, wanda ya san in aka kore shi da sunan sata har aurensa sai abin ya shafa, dole jikinsa ya yi ɓari ko bai taɓa ko ƙyalle ba.

Na san za ka ce ai Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Sun faɗa, kuma da gaskiyarsu a wani ɓangare. Ekman ya je wurin mutanen Fore a tsaunukan Papuwa Niu Gini, waɗanda ba su saba da baƙi ko sinima ba, ya nuna musu hotunan fuskoki, suka gane ta murna da ta fushi da ta baƙin ciki. Amma sun riƙa cakuɗa ta tsoro da ta mamaki. Wasu masu binciken kuma a 2016 suka tarar mutanen tsibiran Trobriand, su ma a Papuwa Niu Gini, na ɗaukar fuskar zaro ido da buɗe baki, wadda Turawa ke kira ta tsoro, a matsayin fuskar mai barazana. Su Hausawan da suka ce a tambayi fuska, su ne dai suka ce haƙorin dariya shi ke cizo. Baƙon da ya ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sai ya rantse ba ta ƙaunarsa, alhali kunya ce.

Akwai abin lura a hadisin Ka'abu ɗan Malik, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Bayan yaƙin Tabuka, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suna kawo uzurin rashin fitarsu suna rantsuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi abin da suka bayyana, ya bar wa Allah abin da suka ɓoye. Ka'abu kuwa, da ya zo, ya ce Annabi ya yi masa murmushi irin na mai fushi. Ka ga shi ya iya karanta wannan murmushi domin ya san murmushin Annabi na kullum. Iyakar abin da fuska ke ba ka ke nan: canji daga yadda ka saba ganin mutum. In yaron nan kullum haka yake sunne kai in kana magana, to ranar nan bai gaya maka komai sabo ba.

Ka koma kan littafin shago. Yaushe aka yi ƙidayar ƙarshe, wa ke riƙe da makulli, wa ya kai kaya tasha a makon, akwai wanda aka bai wa bashi aka manta ba a rubuta ba? Ka zauna da kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban maƙwabta ba, ka ce ya ba ka labarin ranar daga buɗe shago zuwa rufewa, ka bar shi ya yi ta magana. Sannan ka bi abin da ya faɗa ka tabbatar: ya ce ya je wurin wane da Azahar, ka tambayi wanen. Maƙaryaci a nan yake tuntuɓe.

Samarin da ke zuwa ganawar neman aiki a bankuna da kamfanoni kuma, ku lura da akasin wannan. Can sunkuyar da kai ana ɗaukarsa rashin ƙarfin gwiwa. Ku dubi fuskar mai tambaya in yana magana, ku ɗan kau, ku dawo. Ladabin zaure daban, na ofis daban.

Gwaggo, 'yar wana marigayi tana hannuna, shekarunta 19. Wani abokin kasuwancina ya nemi aurenta. Na kira ta na gaya mata, ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba, sai hawaye. Abokaina sun ce shirun budurwa yarda ne, in sa rana. Amma matata ta ce tun ranar yarinyar ba ta cin abincin kirki. — Baffa, Maraɗi

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya. Da yawa ba sa tsayawa.

Abokanka ba su ƙirƙiri maganar ba. Hadisi ne ingantacce: Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce wa Annabi budurwa tana jin kunya, ya ce yardarta ita ce shirunta. Amma ka dubi dalilin. An yi wa mai kunya sauƙi ne, wadda take so amma nauyin baki ya hana ta cewa "ina so" a gaban iyaye. Rangwame ne aka yi mata, ba a ba waliyyi wata dama a kanta ba.

Malamanmu na Malikiyya sun san shiru iri-iri ne, shi ya sa ba su bar zancen a dunƙule ba. A cikin Muhtasar, Shaihu Halil ya ce an so a sanar da ita tun farko cewa shirunta za a ɗauke shi yarda. Ya ce in ta ƙi, ko ta nuna ƙyama ta guje, ba a aurar da ita. Dariya ko kuka kaɗai bai ɗauke su ƙi ba. Shaihu Dardir, da yake sharhin wurin, ya kawo dalili: mai yiwuwa kukan na tuna mahaifinta ne da ta rasa. Sannan ya ƙara da cewa in an gane kukan na ƙi ne, to ba a aurar da ita. Ka ga malaman fiƙihu sun zauna suna rarrabe hawaye da hawaye, saboda sun san aure na iya ratayuwa a kansa. Kuma marainiya irin taka ce suke magana a kai.

To wane iri ne nata? Daga Kano ba zan iya gani ba, amma matan gidanka suna gani. Shirun yarda yana da 'yan rakiya. Yarinya ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗaki, ƙawayenta su fara tsokanarta tana dukansu tana murmushi, in an ambaci sunan mutumin ta tashi ta bar wurin amma ba da fushi ba, in ya zo zance ta yi kwalliya ta fita. Shirun ƙi ma da nasa: abinci ya ragu, barci ya ƙaurace, ta daina hira da kowa, in ya aiko da kaya ta bar su inda aka ajiye ko buɗewa ba ta yi ba, in ya zo sai an yi ta aike kafin ta fito, ta fito da kayan da ta wuni da su. Alama ɗaya ba ta isa ba. In suka taru suka fuskanci gefe ɗaya, kwana da kwanaki, sun isa. Abin da matarka ta gaya maka shaida ce, kada ka ajiye ta gefe don ta fito daga bakin mace.

Ka kuma duba matsayinka a wurinta. Kai ne cinta, kai ne shanta, kai ne makarantarta, mai neman kuma abokinka ne. Da wane baki za ta ce maka a'a? Yarinyar da ke gidan ubanta ma tana jin nauyi, balle wadda ke ganin riƙonta alfarma aka yi mata. Wanda ba shi da ikon cewa a'a, shirunsa ba ya nuna komai sai rashin ikon.

Saboda haka ka fita daga tsakani. Ka sa wadda take sakewa da ita, kakarta ta wajen uwa, ko innarta, ko wata yayarta da ta yi aure, ta tambaye ta a keɓe, ba rana ɗaya ba. A gaya mata ƙarara cewa in ta ce ba ta so, zancen ya mutu, kuma ba abin da zai canja a zamanta a gidanka. Wannan jumla ta ƙarshe daga bakinka ya kamata ta fito, a isar mata. In bayan haka ta yi murmushi ta rufe fuska, Allah ya sa alheri, a sa rana. In ta ce a'a, abokinka ya yi haƙuri, kasuwancinku ba zai rushe a kan wannan ba, in kuwa ya rushe dama can ba mai ƙwari ba ne.

Hajiya, 'yata mai shekara 14 ta koyi tsaki da harara da murguɗa baki. In na yi mata faɗa sai ta ce, "Ni me na ce?" Babanta ma ya ce tunda ba ta yi magana ba in ƙyale ta. — Uwa, zangon Kumasi

Ƙanwata, ta faɗa mana, kuma ta san ta faɗa. Amfanin tsaki ke nan ga mai yin sa: ya isar da raini cikakke, sannan ya bar wa mai shi ƙofar musu. Zagi ana iya maimaita shi a gaban babba a ce ga abin da ta ce. Kallon hadarin kaji kuwa, ta yaya za ki kai ƙararsa?

Ki gaya wa babanta, cikin lumana, cewa a Suratul Isra'i da aka hana ɗa ɓata wa iyaye, ba zagi aka ambata ba, "uf" aka ce kada ya ce musu, wato ɗan sautin ƙosawa. A Suratul Muɗaffifina kuma an zargi masu ƙifta wa juna ido in muminai sun wuce. Ba a taɓa ɗaukar rashin kalma a matsayin rashin laifi ba.

Tsaki tsohon kayanmu ne, har teku ya ƙetare. John Rickford da Angela Rickford sun yi rubutu a 1976 a kan yadda tsaki da harara suka zauna daram a wurin baƙaƙen fatar Guyana da sauran yankin Karebiyan, suka bi sawunsu har Afirka. A Faransa ma sai da wasu makarantu suka haramta shi a aji. Daƙuwarmu kuwa tana da 'yar'uwa a Girka, tafin hannu a buɗe, yatsu biyar a ware, kuma can ma zagi ce.

Kada ki tsaya gardamar ta ce ko ba ta ce ba, nan take so ta ja ki. Ki kira abin da sunansa: "Kin yi mini tsaki, na ji, ba a yi mini." Ki tsaya nan. In ta huce, ki tambaye ta abin da ya ɓata mata rai, ki saurara har ƙarshe, domin yaron da aka hana faɗin ɓacin ransa da baki, ta hanci da ido zai riƙa fitar da shi. Sannan ki ɗan saurari gidan, a ji wa take ji yana yi. Yara ba sa ƙago tsaki.

Gwaggo, ɗana kurma ne. Maganar hannu da yake yi da abokansa, ita ma cikin wannan sadarwar jiki take? — Uba, Gusau

A'a, malam. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, da kalmominta da nahawunta, ana ba da labari da ita, ana gardama, ana ba'a, ana ƙarya ma. William Stokoe ya nuna haka a kan ta Amurka tun 1960, Constanze Schmaling kuma ta zauna da kurame a Kano ta yi littafi a kan ta Hausa, ya fito a 2000. Abin da ake koyarwa a yawancin makarantun kurame na Najeriya ya samo asali ne daga ta Amurka, wadda wani malamin kurame Ba'amurke, Andrew Foster, ya shigo da ita, saboda haka kada ka yi mamaki in ta makaranta ta bambanta da ta unguwa. A wurinsu ɗaga gira ko karkata kai wani zubin nahawu ne, shi ke mayar da jumla tambaya, kada ka ɗauka fushi yake. Ka zauna ya koya maka, kai da mahaifiyarsa da ƙannensa. Nuni da yatsa na "zo ka ci" da "je ka kwanta" ba zai ishe ku ba in ya kai shekarun da yake da damuwar da zai faɗa.

Hajiya, na tura wa wani manomi saƙo ta WhatsApp cewa zan ɗauki buhun riɗi 40 a kan farashin da muka yi magana. Ya turo mini hoton babban yatsa a ɗage. Da farashi ya tashi sai ya ce shi nufinsa ya ga saƙo ne kawai. Wa ke da gaskiya? — Ɗan kasuwa, Dawanau

Alhaji, rigimarku ta riga ta faru a Kanada. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan ta saurari ƙarar wani kamfanin sayen amfanin gona da wani manomi. An tura masa hoton takardar ciniki a waya aka ce ya tabbatar, ya mayar da babban yatsa, farashi ya tashi, bai kai kaya ba, ya ce shi ya nuna ya ga saƙo ne. Alƙali ya ce ciniki ya ƙullu, ya sa shi biyan sama da dalar Kanada dubu 82. Abin da alƙalin ya dogara da shi ya fi hukuncin amfani a gare ka: ya duba yadda suka saba. A cinikayyarsu ta baya manomin kan amsa da 'yar gajeruwar kalma irin "to" ko "ya yi", kuma ya kawo kaya. Saboda haka yatsan ya hau gurbin da waɗancan kalmomi suka saba zama.

Hukuncin Kanada ba ya aiki a Dawanau, amma tambayar ɗaya ce. Ka buɗe tsofaffin saƙonninku. In ya taɓa turo maka yatsan nan sannan ya kawo kaya, kana da abin nuna wa shugabannin kasuwa, su zaunar da ku. In wannan ne karon farko, hujjarka ba ta da ƙarfi, gara ku raba bambancin farashin ku wuce wurin. Nan gaba kuma in ya turo yatsa, ka danna kira, ko ka sa ya yi maka saƙon murya ya ambaci adadin buhu da farashi da ranar kawowa, ya ce ya sallama, ka ajiye saƙon.